Awo Hamsin Ba Mutum Hamsin Ba Ne

A wannan makon za mu taɓo wani tarko da ke jiran duk ɗalibin da furojet ɗinsa ya ƙunshi aune-aune, wato neman dangantaka tsakanin abu biyu alhali mutanen da aka auna ba su da yawa.

A ce mun samu masu buga rubutu a kwamfuta su 5 kacal. Muka gwada kowannensu sau 10, muna rubuta saurinsa da yawan kurakuransa. Jadawalinmu ya cika da layi 50. Idan muka zuba su duka cikin Excel ko SPSS muka nemi ma'aunin dangantaka na Pearson, na'ura za ta ba mu amsa nan take, domin ba ta san cewa layi goman farko na mutum ɗaya ba ne. Shi kuwa wannan ma'auni yana ɗauka cewa kowane layi zaman kansa yake yi.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Ma'aunin yana faɗowa ne tsakanin -1 da +1. Da mutum 50 na gaske, idan girmansa ya kai wajen 0.28 ya haye ƙa'idar kashi 5 cikin 100 da aka saba bi. Da mutum 5 kuwa, sai ya kai wajen 0.88. Ke nan wanda ya ƙirga awo a matsayin mutane zai iya shelar ya gano abin da babu shi.

Akwai wani abin kuma. Tambayoyi biyu ne suke ɓoye cikin jadawalin. Ta farko: shin mai sauri ya fi mai nawa yin kuskure? Galibi a'a, domin ƙwararre ga sauri ga tsaftar aiki. Ta biyu: idan mutum ɗaya ya ƙara sauri fiye da yadda ya saba, kurakuransa na ƙaruwa? Galibi e. Amsoshin sun saɓa wa juna, kuma kowace gaskiya ce. Idan aka cakuɗa su, ba a amsa ko ɗaya ba.

Masana lissafin ƙididdiga biyu na Ingila, Martin Bland da Douglas Altman, sun fayyace wannan a 1995 cikin mujallar likitoci ta BMJ. Don tambaya ta farko, a fitar da matsakaicin awon kowane mutum, a yi lissafi da layi 5. Don ta biyu, a cire bambancin da ke tsakanin mutanen, a duba yadda awon kowa ke hawa da sauka a kewayen matsakaicinsa. A 2017 Jonathan Bakdash da Laura Marusich suka fito da rmcorr, wanda ke yin wannan lissafi na biyu kyauta a manhajar R.

Shawararmu ga 'yan aji huɗu ita ce, tun kafin mu taɓa na'ura mu rubuta wace tambaya muke yi. Sannan mu zana ɗigogin awon, kowane mutum da kalarsa, mu gani da idonmu. A rahoton kuma mu faɗi adadin mutane daban, adadin awo daban, mu bayyana cewa sakamakon mutum 5 manuniya ce kawai ga bincike na gaba. Ranar kare furojet, malami na iya tambayar mutum nawa aka auna, kuma gara amsar ta fito daga bakinmu tun a shafin farko.