Linzami Kafin Ƙaimi: Shirya Tsohuwar Mota Domin Filin Tsere

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a tsakaninmu, mu ɗaliban sashen injiniya, musamman da dare in an taso daga ɗakin karatu an taru wajen mai shayi. Gardamar kuwa ita ce: a ce yau an danƙa wa mutum tsohuwar motar wasanni, irin ƙananan nan masu kujera biyu da aka ƙera a Ingila shekaru sittin da suka wuce, aka ce ya shirya ta domin shiga filin tsere, da me zai fara? Kafin mai tambaya ya rufe baki an ce masa inji. Wannan ya ce a sake kafireto, wancan ya ce a faɗaɗa silinda, wani kuma shi dai salansa mai ƙara yake so. Mu kuwa mun tsaya a kan cewa duk wanda ya taɓa inji kafin ya gama da birki da ƙafafun motar, ya ɗaura wa doki ƙaimi ne alhali bai sa masa linzami ba. Dalilanmu ne muke son mu shimfiɗa a nan, mai karatu ya yi mana alƙalanci.

Domin kada magana ta tafi a iska, bari mu ɗauki mota guda. MGB muka zaɓa, wadda aka riƙa ƙerawa a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, har aka yi fiye da rabin miliyan. Injinta mai silinda huɗu ne, girmansa sisi 1,798, ƙarfinsa wajen doki 95. A gaba tana da birki mai faifai, a baya mai ganga. Aksil ɗin baya ƙarfe guda ne a kan sifirin mai ganye, irin wanda kowa ya sani a ƙarƙashin a-kori-kura. Duk da wannan sauƙin ƙira, ta shiga tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 1963 da 1964 da 1965, kuma kowace shekara ta kai ƙarshe, sa'an nan a 1966 ta ci tseren sa'o'i 84 da aka yi a Nürburgring ta Jamus. Motocin da suka ninka ta ƙarfi sun sha lalacewa a hanya ita tana tafe.

To, mene ne aikin birki? Malamanmu na fiziks sun gama mana bayani tun muna sakandare, mu ne dai muka haddace don jarrabawa muka mance. Birki yana mayar da gudu ya zama zafi. Motar da nauyinta da direba ya kai kilo 1,000, in za ta sauko daga kilomita 160 a sa'a zuwa 60 domin shan kwana, sai ta zubar da kuzari kimanin kilojul 850. Wannan zafi ya isa ya kai ruwa fiye da lita biyu da rabi ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ake tura mafi yawansa cikin faifai biyu da ganga biyu. A kan titi mutum yakan yi irin wannan taka birki sau ɗaya a wata, in ma ya yi. A filin tsere kuwa sau da yawa ake yin sa a kowane zagaye, ba tare da ƙarfen ya sami sararin hucewa ba. Kuma kuzarin gudu yana ninkuwa huɗu ne in gudun ya ninka biyu. Ashe ke nan abokinmu mai ƙara wa inji ƙarfi, abin da ya yi shi ne ya iso bakin kwana da zafin da ya fi na da, ya jibga wa birkin da tun farko yake nishi.

Zafin nan ta hanya biyu yake kashe birki, kuma ya kamata direba ya san bambancinsu da tafin ƙafarsa. Ta farko, takalmin birki ya yi zafi fiye da abin da aka yi shi dominsa, sai ya daina kama faifai: feda tana nan da tauri, ana takawa, mota ba ta tsayawa. Ta biyu ta fi muni. Man birki ya tafasa a cikin bututu, ya zama tururi, shi kuwa tururi yana matsuwa, sai feda ta nutse har ƙasa kamar an taka auduga. Ƙa'idar man da ake kira DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 in sabo ne, amma da yake irin wannan mai yana shan laimar iska a hankali, in ya jiƙa ƙa'idar takan sauko zuwa 140. DOT 4 yana da 230 da 155, DOT 5.1 kuma 260 da 180. Dubi tazarar da ke tsakanin sabo da tsoho! Gwangwani ɗaya na sabon mai, a zubar da tsohon kakaf a fitar da iska, shi ne gyara mafi araha a duk motar, shi ne kuma wanda aka fi mantawa. (Masu zuba ruwan sabulu a tulun birki a tashoshinmu sai su yi lissafi da kansu, ruwa dai a digiri 100 yake tafasa.) A kula kuma, DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kamannin suna kada ya ruɗi kowa.

Bayan mai sai takalmin da aka yi domin jure zafi, kuma ba a sa shi a faɗa tsere nan take. Ana fara yi masa 'yan take-take daga matsakaicin gudu har ya zauna a kan faifai, sa'an nan a bar shi ya huce. Sai tiyo. Robar da ta shekara arba'in tana kumbura in an matsa mai a cikinta, wani lokaci ma ta rube daga ciki ba a gani, don haka ake musanya ta da mai saƙar ƙarfe. Sai kuma a buɗe wa iska hanya ta riƙa bugun faifan gaba. Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan tayar mana da hankali: MGB na farko-farko layin mai guda ɗaya ke ciyar da ƙafafu huɗu, in ya fashe a wuri ɗaya birki ya tafi gaba ɗaya, sai na hannu. Dokar Amurka ce ta tilasta layi biyu daga 1968. Wanda zai shiga fili da layi guda ya san abin da ya ɗauka wa kansa.

A nan za mu saɓa da wasu daga cikin magoya bayanmu. Su da sun ji an ce birki, sai su ce a sayo manyan faifai da awartakin birki mai fistin huɗu, a cire gangar baya a sa faifai. Sannu dai. In birkin da ke jikin mota yana iya kulle taya, to, iyakar tsayawar motar tana hannun taya da kwalta, babban faifai ba zai rage ko taku ɗaya a tsayawar farko ba. Amfaninsa shi ne ɗaukar zafi a zagaye na goma da na goma sha biyar. Haɗarinsa kuwa shi ne ɓata rabo tsakanin gaba da baya. In an taka birki nauyi yana rinjaya gaba, ƙafafun baya su yi sakayau, shi ya sa gaba ke yin mafi yawan aikin. In aka ƙara wa baya ƙarfi har ya riga gaba kullewa, mota za ta juya da mutum kamar an murza ƙwarya, ya tarar yana kallon waɗanda ke biye da shi. Masu hankali sukan sa bawul mai rage ƙarfin man da ke zuwa baya, su gwada a wuri mai fili har su tabbata gaba ne ke fara kullewa da kaɗan.

Tarihi ma yana bayanmu. A Le Mans ta 1953, Jaguar C-Type mai birkin faifai na kamfanin Dunlop, a hannun Tony Rolt da Duncan Hamilton, ita ta yi nasara, domin direbobinta suna iya jinkirta taka birki a ƙarshen dogon miƙaƙƙen layin nan alhali masu ganga suna lallaɓa nasu. Bayan shekara biyu Mercedes ta zo da 300 SLR mai birkin ganga, har sai da aka yi mata wani marfi a baya mai tashi ya tare iska domin ya taimaka. A wannan tseren na 11 ga Yuni, 1955, Mike Hawthorn ya taka birkin Jaguar ɗinsa zai shiga wurin shan mai, Lance Macklin da ke bayansa ya kauce, Mercedes ɗin Pierre Levegh ta hau bayan motar Macklin ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo. Mutum fiye da tamanin suka rasu. An daɗe ana jayayya a kan mai laifi, mu dai abin da muka ɗauka shi ne, a filin tsere tsayawar mota ɗaya ta shafi duk wanda ke kusa da ita.

Mu koma ga ƙafafu. A nan ma ra'ayinmu shi ne a mayar da abu yadda maƙeransa suka yi shi kafin a yi tunanin inganta shi. Bushin da ya narke, boris mai wasa, fil ɗin da tayar gaba ke juyawa a kansa wanda bai ga giris ba tun zamanin mai motar na farko, duk waɗannan sukan sa taya ta kalli inda ta ga dama a tsakiyar kwana. Shokazobar MGB irin ta da ce mai hannu, kuma a gaba hannun nata shi ne ke riƙe saman ƙafar, saboda haka in ta yi sanyi ko ta yi wasa, an yi asara biyu. Wanda ya ɗora sifirin mai tauri a kan waɗannan ruɓaɓɓun kaya ya yi fenti ne a kan katangar da gara ta cinye.

In an gama wannan sai a zo ga gyaran fili. Ana ɗan sauke motar, ana ƙara taurin sifirin daidai gwargwado, ana sa sandar hana kishingiɗa mai kauri a gaba. Amma a sani, taurin da ya wuce kima yana sa taya ta riƙa tsalle a kan gargada, tayar da ke sama kuwa ba ta birki ba ta kwana. Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, da sifirin mai ɗan laushi da shokazoba mai kyau ya yi suna, Elan ɗinsa ta 1962 har yau ana misali da ita wajen riƙe hanya. Ƙa'idar rabo kuwa mai sauƙi ce: in aka taurara gaba fiye da baya, mota takan ƙi shan kwana ta nemi miƙewa, in aka taurara baya kuma bayan ne ke zamewa. Sabon direba gara ya sami ta farko, domin da ya sassauta totur sai ta dawo hanya. Ana kuma karkatar da saman tayoyin gaba ciki da digiri ɗaya ko biyu, domin in mota ta kwanta a kwana tafin tayar waje ya zauna sosai a ƙasa. Yadda za a gane an dace shi ne a auna zafin taya a gefen ciki da tsakiya da gefen waje da zarar an fito daga fili, a rubuta a littafi tare da awon iskarta. Abu ɗaya ake sakewa a lokaci guda. Wanda ya sake uku ya ji motar ta gyaru, bai san wanne zai gode wa ba.

Ita kanta MGB ta ba da shaida a kan wannan. Daga ƙarshen 1974, domin cika dokokin Amurka, aka ɗaga ta daga ƙasa aka sa mata manyan bambobin roba masu nauyi, a ƙirar 1975 ma aka cire sandar gaba. Motar ta koma tana tangaɗi a kwana, har sai da aka gyara ƙafafun a 1977 aka ƙara sanda a baya. Porsche 911 ta farko ma, saboda injinta yana can baya, sai da aka ɓoye mata dunƙulen ƙarfe a bambar gaba, daga baya aka tsawaita tazarar ƙafafunta da milimita 57 a ƙirar 1969. In manyan kamfanoni sun sha wannan wahala a kan 'yan milimitoci, ina ga mai gyara a bayan gida?

Saura masu cewa kada a taɓa kome, wai tsohuwar mota kayan tarihi ce, duk wanda ya canza mata ƙusa ya ci amanarta. Muna girmama su, kuma suna da hujja. A gasar tsofaffin motoci, dokokin hukumar tseren motoci ta duniya, watau FIA, sun tanadi cewa a tsaya a kan irin kayan da aka yi amfani da su a zamanin motar, kuma taron Goodwood Revival da ake yi a Ingila tun 1998 daɗinsa ke nan, a ga motocin suna zamewa a kan siraran tayoyi kamar yadda suka yi a da. Akwai ma hikimar injiniya a ciki da ba kowa ke lura ba. Tayar zamani mai danƙo tana kama ƙasa fiye da abin da maƙeran 1962 suka lissafa, wannan ƙarin ƙarfi kuwa yana bi ta kan boris da ƙarfen da taya ke zaune a kai da wayoyin ƙafa masu kama da na keke, ya kuma kora man inji gefe guda a cikin kwana har famfo ya ja iska. Saboda haka wanda ya sa irin wannan taya wajibi ne ya kai waɗannan ƙarafa a binciki tsaga a jikinsu. Inda muka rabu da su shi ne in son asali ya kai ga barin tsohon tiyo da tsohon mai da layin birki guda. Waɗannan ba su da wani tarihi da za a adana, kuma ana iya ajiye duk abin da aka cire a kwali, mai saye na gaba ya mayar in ya so.

Wani daga cikinmu ya tambaya, ina ruwanmu da MGB alhali ko keke wasunmu ba su mallaka ba? Gaskiya ne, da wuya ɗayanmu ya taka filin Goodwood. Amma lissafin kilojul 850 ɗin nan bai san sunan mota ba, haka yake a kan bas ɗin da ke saukowa daga tudun Jos da fasinja goma sha takwas da buhunan dankali. Dalilin da ya sa muke son sashenmu ya nemo ko da gawar tsohuwar mota guda ke nan, a ajiye a ɗakin gwaji, ɗaliban aji uku su kwance ƙafafunta su auna su mayar, su tafasa tsohon man birki da sabo a gaban ma'aunin zafi su rubuta abin da suka gani. Injin kuwa a bar shi a rufe tukuna har zangon karatu na biyu.