Filin Noma Da Kiwo: Darasin Da Ke Zube A Kasuwar Zuba

Duk lokacin da aka soma cike takardun neman shiga jami'a, akwai tambayar da iyaye kan yi mini, watau ko akwai abinci a karatun aikin gona, ko kuwa yaro zai ɓata shekara biyar ne ya dawo ya ɗauki fartanyar da ubansa ya jingine. Amsata kullum guda ce: a je Zuba a gani.

Wanda ya taso daga Kaduna za shi Abuja ko Lokoja, da zarar ya wuce Dutsen Zuma sai ya faɗa Zuba, inda hanyoyin suka rabu. A nan babbar kasuwar kayan marmari take. Tun da asuba manyan motoci ke sauke lemo da mangwaro daga Binuwai, ayaba da abarba daga Kudu, kankana daga Arewa. To, amma idan mutum ya gama kallon gaban rumfuna, ya daure ya zagaya bayansu. Zai tarar da tsibin ruɓaɓɓun kaya, ƙudaje sun yi musu lulluɓi. Kowane lemo da ke cikin tsibin nan an kashe masa kuɗin taki da na ƙwadago da na mota. Manomi ya yi nasa, ƙasa ta yi nata. Asarar a tsakani ta auku: an tsinke kaya da rana tsaka, an jibge su a bayan mota ba akwati, na sama ya danne na ƙasa, motar ta kwana a hanya, sa'an nan ta iso ranar da wasu goma suka iso da irin kayanta, farashi ya faɗi warwas.

Toshe wannan ɓaraka shi ne aikin wanda ya karanci ilmin tafiyar da harkokin gona. Aikinsa ya san ranar shuka domin girbi ya dace da kasuwa, ya san ko sayen tarakta ya fi haya, ya lissafa lebura nawa ake bukata ranar tsinka, ya tanadi wurin ajiya da motar ɗauka tun kaya ba su nuna ba, ya kuma riƙe littafin shige da fice har ya iya faɗin abin da kowace kadada ta ci da abin da ta mayar. A Amurka, Jami'ar Florida tana ba da digiri a wannan fanni shi kaɗai. A nan gida an fi samunsa a cikin sashen tattalin arzikin noma da sarrafa gona, kamar yadda yake a Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, wadda aka kafa a 1988 tare da ta Makurdi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, mai Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, tana koyar da tattalin arzikin noma, haka ma Jami'ar Abuja da ke maƙwabtaka da Zuba. Karatun na shekara biyar ne, shekara ta huɗu kuwa a gona ake yin yawancinta.

Kada wani ya zaci sabon ciwo ne. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 ta Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin na bunƙasa noma. An sayo taraktoci, an gina madatsun ruwa. Amma dattawanmu sun san yadda taraktoci da yawa suka ƙare a harabar ma'aikatu, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, saboda wani ɗan ƙarfe ya lalace ba wanda ya yi tanadin madadinsa. A kusa-kusan nan ma, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2016, ta sha tsayawa saboda ba ta samun isasshen tumatir, alhali kuwa a tsakiyar manoman tumatir aka gina ta. Inji yana nan, manomi yana nan, amma daidaita lokacinsu da farashinsu ya gagara.

Guraben aiki kuwa akwai su. Manyan gonakin kaji da na kifi suna neman manajoji, haka masana'antun casar shinkafa da ke sayen shanshera a hannun dubban ƙananan manoma. Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna da sauran bankuna suna bukatar wanda zai leƙa gona ya gane ko mai ita zai iya biyan rance. Ga kamfanonin iri da na taki da na inshorar amfanin gona, ga aikin malamin gona.

Sai dai zan faɗa wa samarinmu gaskiya ko da ba daɗi. Zamanin da ake gama jami'a a tarar da kujera da mota suna jira a Ma'aikatar Gona ya wuce. Mai gona ba ya tambayar darajar digiri kafin ya tambayi buhu nawa za a ƙara masa, asara nawa za a rage. Kuma dillalin Zuba da bai taɓa zama a aji ba, da ya latsa kankana ya ƙwanƙwasa ta, zai faɗi kwana nawa za ta yi kafin ta lalace. Abin da ba shi da shi shi ne rubutu da lissafin shekara. Ɗalibi kuwa yana da su, amma bai san kaya ba.

Saboda haka shawarata ga ɗaliban aikin gona, musamman na Jami'ar Abuja da tafiyarsu zuwa Zuba ba ta kai sa'a guda a mota ba, ita ce su yi hutu ɗaya a gindin wani dillali. Su riƙe littafi, su rubuta daga ina kowace mota ta taso, kwana nawa ta yi a hanya, nawa aka sayar, nawa aka zubar.