RA'AYI: Hangen Dala ba shiga birni ba, a faɗa wa matasa gaskiyar ruwan Jibralta

Idan gari ya waye tangaran babu hazo, wanda ya tsaya a gaɓar teku a arewacin Moroko yana iya hango duwatsun Sifaniya da idonsa. Da dare kuma fitilun garin Tarifa ne ke ƙyalli a tsallaken ruwa. A inda mashigin Jibralta ya fi matsewa, kilomita 14 ne kacal tsakanin Afirka da Turai, abin da bai kai rabin tafiya daga tsakiyar Abuja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ba.

Wannan kusanci shi ne babban jarin masu safarar mutane. Saurayin da ya keta hamada ta Agadas da Tamanrasset, ya tsallaka zuwa Ujda, ya iso Tanja da ƙyar, da an nuna masa Turai da yatsa sai ya ɗauka wahala ta ƙare. Akwai 'yan Najeriya da 'yan sauran ƙasashen Afirka ta Yamma cikin masu bin wannan hanya. Ra'ayina shi ne masu wayar da kai a ƙasarmu sun cika wa'azi da tsoratarwa, sun bar hujjar da ta fi kowace ƙarfi, wato bayanin yadda ruwan wurin yake tafiya.

Mashigin ne kaɗai ƙofar da Allah Ya yi tsakanin Tekun Atlantika da Bahar Rum. Rana tana ƙafar da ruwan Bahar Rum fiye da abin da koguna da ruwan sama ke zuba masa, don haka kullum yana jawo ciko daga Atlantika. Wannan ruwa mai shigowa yana gudu ta sama, ya nufi gabas. A ƙarƙashinsa kuma ruwan Bahar Rum, wanda ya fi gishiri da nauyi, yana fita ya nufi yamma. Koguna biyu ke nan, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da inda ya dosa. Wanda ya taso daga Moroko ya sa gaba arewa, gicciye yake yi wa kogin sama. Yana tuƙi, ruwa na janye shi gefe zuwa Tekun Alboran, inda gaɓoɓin biyu ke ƙara nisa da juna.

A kan wannan kuma sai cika da janyewar teku, wanda jan wata da na rana ke haddasawa. Sau biyu a yini ruwan Atlantika ke tumbatsa ya koma, ya tura kansa ta wannan ƙuntataccen maƙoshi, sannan ya ja da baya. Kusan duk bayan awa 6 lissafi ke sauyawa. Wani lokaci cikar takan haɗu da kogin sama, gudun ruwa ya zarce saurin mai tafiya a ƙafa. Wani lokaci kuma takan yi karo da shi, har ruwan kusa da gaɓa ya juya baya. Ƙarfin abin yakan kai ƙololuwa sau biyu a wata: a daren sha huɗu, da kuma ƙarshen wata zuwa tsayuwar sabo. Mai karatu ya lura, dararen duhu da mai gudun idon jami'an sintiri zai fi so suna cikin dararen da ruwa ya fi hauka.

Ƙarƙashin teku ma ba shimfiɗe yake ba. A yammacin mashigin akwai wani tudu da ake kira Kamarinal, inda zurfi ke raguwa zuwa kimanin mita 300, alhali a gabas yana kai mita 900. Idan ruwan cika ya haye wannan tudu, sai ya tayar da manyan igiyoyi a cikin ruwa, a iyakar kogunan nan biyu, waɗanda har taurarin ɗan'adam ke ɗauko hoton sawunsu. Ga kuma iskar gabas da mutanen yankin ke kira Lebante, wadda takan yi kwanaki tana kaɗawa. Da yake tana busowa ne gaba da gudun ruwa, igiyoyi sukan miƙe tsaye, gajeru masu tsini, irin masu kifar da ƙaramin jirgi. Da hunturu sanyin ruwan yakan sauka zuwa wajen digiri 15, wanda ya isa ya kashe ƙarfin gwanin iyo cikin 'yan awoyi. Sannan ɗaruruwan manyan jiragen dakon kaya da na mai suna ratsa wurin kowace rana, kuma matuƙinsu ba ya ganin jirgin roba cikin dare.

Dubi yadda masu sani ke yi da wannan ruwa. Baturiyar Ingila Mercedes Gleitze, wadda ta fara ƙetare shi da iyo a 1928, ta shafe fiye da awa 12 a ciki, bayan ta sha gwadawa ta kasa. 'Yan wasan iyo na yau daga Tarifa suke tashi, a sa'ar da aka lissafa da jadawalin cikar teku, da jiragen rakiya a gefensu, kuma sukan yi kwanaki suna jiran iska ta kwanta. Moroko da Sifaniya sun amince tun 1979 su yi nazarin haɗa nahiyoyin biyu, amma har yau ba a haƙa ramin ba. Injiniyoyin ma sun kauce wa wurin da ya fi kusa saboda zurfinsa, sun koma bin tudun Kamarinal duk da ya fi tsawo. To ina ga wanda aka ɗora a jirgin roba irin na wasan yara, aka miƙa masa filafili?

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A ranar 1 ga Nuwamba, 1988, teku ta turo gawa gaɓar Tarifa, abin da ake ɗauka a matsayin asarar rai ta farko da aka tabbatar ta 'yan ci-rani a mashigin. A ranar 6 ga Fabrairu, 2014, mutum 15 suka mutu suna ƙoƙarin zagayawa da iyo zuwa Sabta, yayin da jami'an Sifaniya ke harba harsasan roba cikin ruwa. Waɗannan su ne waɗanda aka ƙirga. Wanda ruwa ya yi gabas da shi, sau da yawa iyayensa ko labari ba sa samu.

Wani zai ce ilimin teku ba ya maganin yunwa, kuma wanda rashin aiki ya koro ba jadawalin wata ne zai tsayar da shi ba. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa jirgin fasinja yana ɗaukar mai biza daga Tanja zuwa Tarifa cikin kimanin awa ɗaya, don haka tsauraran dokokin Turai na da kaso a wannan asara, kamar yadda gwamnatocinmu da suka kasa samar da abin yi ke da nasu. Sai dai gyaran waɗannan zai ɗauki shekaru, shi kuwa yaron bana zai tafi. Ya riga ya ji ana cewa hanya da haɗari, ya amsa da cewa ko'ina ma akwai ajali. Abin da bai ji ba shi ne dalili. Matashi yakan raina tsoratarwa, amma yana girmama wanda ya ɗauke shi mai hankali ya yi masa bayani.

Saboda haka ya kamata hukumar NAPTIP da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, tare da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, su sa wannan bayani cikin shirye-shiryensu na rediyo da harsunan gida, da taswira da gajerun bidiyo a WhatsApp da TikTok inda dillalan ke farautar yara. Cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas tana da masanan da za su iya fayyace shi. Malaman labarin ƙasa a sakandare su koyar da shi, limamai da iyaye kuma su san shi kafin a sayar da gona a haɗa kuɗin hanya. Dillali yana sayar da abin da ido ke hangowa, haƙƙinmu ne mu faɗa wa yaro abin da ke gudana tsakaninsa da wancan tsallake tun yana gida.