Ra'ayinmu: Mai ciwon sukari, in ka je awo ka nemi a duba yawan jininka

Masu iya magana na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Duk ɗan kasuwar da ke kai-da-kawowa tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Magarya da Maigatari, ya san gaskiyar wannan magana, domin kuwa da ido ake bambanta jabun kuɗi da na ƙwarai, da ido ake lissafin canjin naira da sefa, da shi kuma ake gane atamfar kirki. Ranar da ido ya tafi, jari ya koma hannun yaran shago. Wannan ne ya sa yau muka ajiye zancen duwan da farashin buhu, muka ɗauko zancen lafiya.

Kwanakin baya wani Alhaji mai sayar da yadi ya same mu a gidan rediyo bayan mun gama shirinmu na lafiya. Ya ce shekara tara ke nan yana fama da ciwon sukari, yana shan magani, amma tun bara yake jin kasala da jiri, numfashi na yi masa wuya in ya yi ƴar tafiya. Abokan zama suka ce jini ne ya yi ƙasa, suka ba shi shawara ya riƙa haɗa lemun malt da madarar gwangwani safe da yamma. Ya yi wata huɗu a haka. Bai je likita ba sai da ya fara ganin baƙaƙen ɗigo na yawo a gabansa, lambobin wayarsa suna haɗewa. Da aka auna, jinin yana nan ƙasa, sukari ya yi sama, ƙoda ta taɓu, kuma jijiyoyin bayan idonsa sun fara zubar da jini. Abokansa sun gane ciwon, sun kuskure maganin.

Bari mu yi bayani dalla-dalla. A cikin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ne ke sa jini ja, shi ne kuma ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu yana rarraba ta ga sassan jiki, kamar yadda babbar mota ke ɗaukar kaya daga kasuwa zuwa ƙauyuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya gaza giram 13 a kowace desilita ga namiji, ko giram 12 ga macen da ba ta da ciki, to mutum yana da ƙarancin jini. A can bayan ƙwayar ido kuwa akwai wani siririn tantani da lokotoro ke kira retina, wanda a kansa hoton abin da muke kallo yake sauka, kuma yana daga cikin sassan jiki mafi cin oksijin. Sukarin da ya daɗe yana hauhawa yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tantanin nan, wasu su toshe, wasu su riƙa yoyo. To idan hanya ta lalace, ga kuma motar da ke bin ta ba ta ɗauko kaya sosai ba, ina ƙauye zai ƙoshi? Da yunwar iska ta kama retina sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda ke fashewa su cika ido da jini, daga nan sai makanta.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan aka fitar a 1997 ya nuna cewa masu ciwon sukarin da himogulobin ɗinsu bai kai giram 12 ba sun ninka sauran wajen haɗarin kamuwa da wannan ciwon ido. An kuma ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon sukari a duniya idonsu ya riga ya taɓu, ko sun sani ko ba su sani ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ce a 2021 manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Me ke kawo wa mai sukari ƙarancin jini? Na farko ƙoda. Ita ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka idan sukari ya fara cin ƙoda sai jini ya ragu. Ke nan ƙarancin jini kan zama ɗan aike mai kawo labarin cewa ƙoda tana cikin wahala, kuma sau da yawa ciwon ƙoda da ciwon ido tare suke tafiya. Na biyu, maganin metformin da mafi yawan masu sukari ke sha, idan an daɗe a kansa yana iya rage bitamin B12. Wannan ba dalilin daina shi ba ne, dalili ne na yin awo. Na uku su ne abubuwan da muka saba da su a ƙasarmu: zazzaɓin cizon sauro na damina, tsutsar ciki, tsargiya, basir mai zubar da jini, yawan haihuwa kusa da kusa ga iyayenmu mata, da abincin da babu sinadarin ƙarfe a cikinsa. Ga kuma shayinmu. Shayin da ake kurɓa nan take bayan an ci tuwo yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, ban da tulin sukarin da mai shayi ke zubawa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, a jikin himogulobin ake karanta shi, ganin cewa jar ƙwayar jini kan rayu kimanin kwana 120. Ƙarancin sinadarin ƙarfe na iya sa lambar ta hau fiye da gaskiya, zubar jini ko amosanin jini, wato sikila, na iya sa ta sauka. Mutum sai ya koma gida yana murna alhali awon ya ruɗe shi. Saboda haka a gaya wa lokotoro in akwai sikila a gida.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ɗan kasuwa ba ya da lokacin zaman layi a likita, ranar kasuwa ɗaya in ta wuce ta wuce. Gaskiya ne. Wasu kuma za su ce ai idonsu garau yake. To a nan ne haɗarin yake, domin wannan ciwo ba ya zafi, ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi, yakan yi shekaru yana ɓarna mutum na karanta lambar kuɗi lafiya lau. Ba kamar yanar ido ba ne da ake cirewa gani ya dawo. Abin da ya mutu a retina da wuya ya dawo. Ana yin magani da hasken leza ko da allurar cikin ido, amma amfaninsu ya fi yawa wajen tsare ganin da ya rage. Kuma kada wani ya ɗauka cewa gyara jini kaɗai ya isa. Riƙe sukari da hawan jini su ne ginshiƙi, gyaran jini tallafi ne a kansu.

Ra'ayinmu shi ne, duk mai ciwon sukari ya sa a duba bayan idonsa tun ranar da aka gaya masa yana da ciwon, sannan ya maimaita kowace shekara. Awon gilashi daban ne. Wannan sai an ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, gani ya yi hazo na ƴan awoyi, don haka kada a tuƙo babur ranar. Asibitin ido na Makka a Maraɗi, da na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna duk wurare ne da mutanenmu suka sani. Rufe iyaka da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sun koya mana kada mu ɗage tafiya muna cewa sai wani zuwan. A nemi awon himogulobin da na ƙoda tare da na sukari, kuma in jini ya yi ƙasa a binciki dalili kafin a sayi maganin ƙarin jini a tiren ɗan talla, domin yawancin na kwalba sukari ne ke ba su zaƙi, kuma wanda ƙodarsa ce ta gaza ba su za su tashe shi ba. A ci hanta da nama da kifi da wake da zogale, a matsa lemun tsami, a ba shayi tazarar awa guda bayan abinci.

Muna kira ga ma'aikatan lafiya da su daina sallamar mai sukari da lamba ɗaya tak. Muna kuma kira ga shugabannin ƴan kasuwa da sarakunan tasha: yadda ake haɗa kuɗin gadi da na shara, a haɗa kai da hukumomin lafiya na ɓangarorin biyu a kafa rumfar awo ranar kasuwa, Lahadi a Jibiya, Alhamis a Maigatari. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, ta dace da fara wannan aiki. Mu a gidajen rediyo za mu yi shela kyauta.

Alhajin da muka ba ku labarinsa an ceto masa ido ɗaya, ɗansa ne ke karanta masa littafin bashi yanzu. Shi ya roƙe mu da mu faɗa wa ƴan uwansa. Mun faɗa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare mana ganinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.