Ra'ayi: Majami'ar Wida Da Mu Fataken Arewa

Yau muna so mu taɓo wata magana wadda muka san ba kowa zai so ta ba, amma dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A cikinmu akwai waɗanda suka yi shekara ashirin ko talatin suna zirga-zirga tsakanin gida da Kwatano. Sun san Zango lungu-lungu, sun san tashar jiragen ruwa da wuraren sayar da motoci, sun san ofishin duwan kamar tsakar gidansu. Sau da yawa mutum zai share mako guda yana jiran takardar kayansa ta fito, ba abin da yake yi sai shan shayi da hira. Amma ka tambaye shi ko ya taɓa taka garin Wida, wanda bai wuce kilomita 40 ba yamma da Kwatano a kan hanyar Lome, sai ya ce maka ai garin matsafa ne da ƴan coci, me zai kai shi? Mu a namu ganin wannan asara ce. Ya kamata ɗan kasuwa ya ware wuni guda ya je Wida, ya kuma tsaya ya dubi tsohuwar majami'ar da ke tsakiyar garin, domin kuwa akwai tarihinmu a wurin.

Ita wannan majami'a ta mabiya ɗarikar Katolika ce. An soma gininta a 1903, aka buɗe ta a 1909, wato ƴan shekaru kaɗan bayan da Faransa ta murƙushe Sarki Behanzin ta mallake ƙasar Dahome a 1894. Babban limamin da aka buɗe ta a zamaninsa shi ne Steinmetz, wanda duk mai yawo a Kwatano ya san babban titin da aka sa wa sunansa. A 1989 fadar Fafaroma ta ɗaga darajarta, sa'annan a watan Nuwamba na 2011 Fafaroma Benedict na 16 ya zo da kansa, a cikinta ya sa hannu a kan wata takardar jagora da ya rubuta wa Katolikan Afirka baki ɗaya. Abin da ya fi ba baƙo mamaki kuwa shi ne, daidai gabanta, titi kawai za ka tsallaka, ga ɗakin tsafin da ake ajiye mesa, wadda wasu mutanen garin ke girmamawa tun kafin zuwan Turawa. Fiye da shekara ɗari ke nan ƙofa na kallon ƙofa.

To, ina ruwan Bahaushe da wannan? Dalili na farko shi ne ilimi. Ƴan mishan na farko na ƙungiyar da ta gina majami'ar sun sauka Wida ne a watan Afrilu na 1861, kuma da makaranta suka fara. A 1914 suka buɗe makarantar horar da limamai a garin, inda aka binne Kadinal Bernardin Gantin a 2008, mutumin da filin jirgin saman Kwatano ke ɗauke da sunansa. Daga irin waɗannan makarantu na bakin teku ne aka sami akawuna da malaman makaranta da tafintoci da ma'aikatan gidan waya da Faransa ta warwatsa a ƙasashen da ta mallaka, har da Nijar. Shi ya sa kakanninmu suka tarar da Badahome zaune a kan tebur riƙe da alƙalami, su kuwa suna tsaye da ƙunshin kuɗi suna jiran ya sa musu hannu. Ba wayo aka fi mu ba, riga mu aka yi shiga aji. Har gobe ɗan kasuwar da bai iya karanta takardar kayansa ba yana hannun ɗan tsakiya, abin da aka gaya masa shi zai biya. Wanda ya tsaya gaban wannan gini ya lissafa shekarunsa, zai koma gida da wani tunani game da yaron da ya cire daga makaranta ya zaunar a shago.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Tun kafin a aza tubalin majami'ar, Wida ta yi suna ne da cinikin bayi. Sarki Agaja na Dahome ya ci garin da yaƙi a 1727, Turawan Faransa da Ingila da Fotugal kowa na da gidansa na ciniki mai ganuwa. Na Fotugal, wanda aka gina a 1721, bai bar hannunsu ba sai 1961, daga baya aka mai da shi gidan tarihi. Masana tarihi sun ƙiyasta mutanen da aka loda a jirage daga wannan gaɓa sun haura miliyan ɗaya. Daga cikin gari zuwa bakin teku tafiyar kamar kilomita 4 ce, a ƙarshenta kuma akwai wata babbar ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa.

Kada wani ya ɗauka mutanen kudu kaɗai aka bi da su ta wannan hanya. Akwai wani bawan Allah mai suna Muhammadu Gardo Bakwakwa, haifaffen Jugu a arewacin Benin, garin da ayarin goro na Kano zuwa Gwanja ke yada zango. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, gidansu gidan Musulmi ne kuma na fatake. An kama shi, aka gangaro da shi har bakin teku, aka kai shi Birazil wajen 1845. Ya kuɓuta a birnin New York a 1847, aka buga labarin rayuwarsa a Amurka a 1854. Wannan ɗan gidanmu ne, da a yau ne da a rumfar kusa da taka za ka same shi. Irinsa kuwa dubbai ne, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo 1804. A jihar Bahiya ta Birazil Hausawa sun yi yawan da har suka shirya bore a 1807, suka tayar a 1809 da 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu suka yi fito-na-fito da hukuma a birnin Salbado. Bayan an murƙushe su, da yawa suka komo gaɓar Afirka, wasu a Wida, wasu a Legas da Porto-Novo. Zuriyar waɗanda suka dawo ɗin ce ta gina babban masallacin Porto-Novo a farkon ƙarni na 20, wanda in ka hango shi daga nesa sai ka rantse majami'a ce, domin irin ginin da suka gani ke nan a Birazil.

A nan sai mun faɗa wa juna gaskiya, ko da ɗaci. Bature bai shiga daji ya kamo waɗannan mutane da hannunsa ba. A bakin teku ya zauna, aka kawo masa. Daga hannu zuwa hannu aka yi ta miƙa su, kasuwa zuwa kasuwa, kuma a kan hanyoyin da ake bi da kanwa da goro da tufafi. A cikin kakanninmu akwai waɗanda aka sayar, akwai kuma waɗanda suka sayar. Wida tana tuna wa ɗan kasuwa cewa ba kowace riba ce riba ba. A wannan zamani da ake ɗibar yara daga ƙauyuka ana tsallaka iyaka da su da sunan aikatau, da ƴan matan da ake yaudara da alkawarin aiki a ƙasashen waje, direba da dillali da mai masauki kowa ya san irin kayan da bai kamata ya taɓa ba.

Mun san abin da wasu za su ce: mu Musulmi ne, me ya haɗa mu da wurin bautar wasu? Wannan magana ce mai tushe, ba za mu raina ta ba. Malamai sun yi saɓani game da shiga ɗakin da ke da gumaka da hotuna, wasu sun hana, wasu sun ƙyamata, wasu sun halatta in ba da nufin bauta ba. Kowa ya tambayi malaminsa, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya daga waje, ai ginin ba ɓoye yake ba. Ba mu ce wani ya je ya yi ibadar da ba tasa ba. Amma mu tuna cewa sahabban farko da aka tsananta wa a Makka wurin Najjashi, sarkin Kirista na Habasha, suka sami mafaka. Littattafan tarihi sun kawo cewa da Sayyidina Umar ya shiga Ƙudus, ya ziyarci babbar majami'ar birnin, da lokacin salla ya yi sai ya fita waje ya yi, don kada Musulmin baya su ƙwace wurin su ce Umar ya yi salla a nan. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ma ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah ke karewa daga rushewa.

Dalili na uku kuwa na tukunyarmu ne. Ba mu manta da 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, lokacin da fushi a kan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ya koma kan maƙwabta a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u fiye da 40, mutum 10 suka rasa rayukansu. Waɗanda suka yi zanen suna can Faris, wannan ƙone-ƙone bai kai gare su ba. Wa ya kwana da fargaba? Ɗan uwanmu da ke Zangon Kwatano da Lome da Akara, wanda mai gidan hayarsa Kirista ne, mai fitar masa da kaya Kirista ne, mai ba shi bashi ba takarda shi ma Kirista ne. Jarin baƙo a ƙasar mutane amana ce, kuma mutum ya fi saurin cinna wuta ga abin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Mun kuma ɗanɗana abin da rashin jituwa ke jawowa. A ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya yi zafi, Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome, ita kuwa Dahome ta toshe hanyar kaya, sai 2005 kotun duniya ta yanke hukunci ta ba Nijar tsibirin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malambil, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na ruɓewa, mutane suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale, wasu kayan sai ta Lome da Burkina aka zagaya da su. Gwamnatoci kan ɓata su shirya, amma abin da ke riƙe da kasuwa a irin wannan lokaci shi ne sanayyar da ke tsakanin talakawa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi, da sarakunan zango, su riƙa shirya wa matasa irin wannan ziyara. Mota guda ta isa. A fara da gidan tarihi, a biya ta majami'a, a bi hanyar bayi har bakin teku, in da hali a ƙarasa Porto-Novo a yi salla a wancan masallaci. A je da ladabi irin wanda muke so baƙo ya shigo mana masallaci da shi. Kada a faɗa musu lokacin da suke ibada, musamman ranar Lahadi. A nemi izini kafin a shiga ko a ɗauki hoto, a rage murya, ban da dariya da nuni da baki. A ɗauki ɗan jagora na gari, a yi ciniki da shi tun da fari, a biya shi haƙƙinsa. Alhaji, in ka tashi ka tafi da yaronka, Hajiya ke ma ki tafi da ɗiyarki, domin gani ya kori ji.

Allah ya jiƙan waɗanda aka bi da su ta wannan gaɓa ba su dawo ba, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.