Lambobin Mazan Jiya: Kada A Sayar Da Takarda Tare Da Ƙarfe

A Filinge da ƙauyukan Kurfai akwai gidajen da har yau ke ajiye da lambobin yabon da kakanni suka samo a aikin sojan Faransa, tun daga yaƙin 1939 zuwa 1945 har yaƙe-yaƙen Indocin da Aljeriya. Shi kansa marigayi Seyni Kunce, ɗan Fandu, ta wannan hanya ya bi kafin ya shugabanci Nijar a 1974. Yanzu da masu su suka kusa ƙarewa, lambobin sun zama haja, domin a Turai akwai masu tara su suna biyan kuɗi.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su sani shi ne, galibin lambobin nan ba a rubuta sunan kowa a jikinsu. Croix de guerre da aka ƙirƙiro a 1915 da Croix du combattant ta 1930, har gobe ana ƙera sababbinsu ana sayarwa a shaguna a Faransa. Ita kuwa Médaille militaire, kuɗin da ake biyan mai ita bai wuce kimanin jika uku na sefa a shekara ba. Ashe darajar tana ga takardar shaida da littafin soja, waɗanda ke ɗauke da suna da lamba da wuraren da aka yi yaƙi. Shi ya sa mai saye yakan nemi a haɗa masa da su.

Idan ba a manta ba, a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, suna karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai da wani ɗan Senegal, Amadou Diop, ya yi nasara a kotu a 2001, sannan aka fara gyara, aka daidaita wani ɓangare a 2007, saura a 2011. Duk wanda ya nemi haƙƙinsa, ko matar da mijinta ya rasu, takarda aka tambaye su.

Don haka, iyayenmu mata da ke riƙe da akwatunan gida, in dillali ya taya, a yi shawara da dangi tukuna. Ko da talauci ya sa a rabu da ƙarfen, takardun su tsaya a gida, a naɗe su inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. Kuɗin cefane kwana biyu ne, amma shaidar kaka in ta ƙetare teku ba ta dawowa.