Tarar Zarce Ajiya a Banki: Me Ya Sa Hukuma Za Ta Sa Baki?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai akwai wani bashi da bankuna ba sa son a kira shi da sunansa. Idan mai asusu ya kashe kuɗin da ya zarce abin da ya ajiye, banki kan cike masa gibin, sa'an nan ya ɗora masa tara. Wannan tara ta daɗe tana jawo muhawara a Amurka da Birtaniya, kuma abin da ya faru a ƙasashen biyu ya nuna bai kamata a sakar wa bankuna wuƙa da nama a kanta ba.

Dalili na farko shi ne nauyin tarar. A shekarar 2014, hukumar kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna ta Amurka ta gano cewa yawancin sayayyar kati da ke jawo tara ba ta wuce dala 24, kuma akasari akan mayar da kuɗin cikin kwana uku, alhali tarar ta kai dala 34. Idan aka lissafa wannan a matsayin kuɗin ruwa na shekara, ya kai kashi 17,000 cikin ɗari. Babu mai hankalin da zai sa hannu a kan irin wannan rance da an karanta masa sharaɗinsa tun farko.

Dalili na biyu shi ne waɗanda tarar ke faɗa wa. Binciken hukumar na 2017 ya nuna cewa kashi 9 cikin ɗari na asusai ne ke biyan kashi 79 na irin waɗannan tarori. Mafi yawansu mutane ne da ajiyarsu ba ta taka kara ta karya ba. Ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bankuna na da tasu hujjar. Sun ce cike gibi taimako ne ga wanda buƙata ta taso wa, kuma idan aka matsa musu za su janye shi ko su ƙara kuɗi a wani wuri. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Lokacin da Birtaniya ta haramta tsayayyar tara ta kullum ko ta wata a 2020, ta wajabta kuɗin ruwa guda ɗaya bayyananne, manyan bankuna da dama sun sa nasu a wajen kashi 40 cikin ɗari. Wasu sun ji jiki. Duk da haka, mai asusu ya sami farashin da zai iya gani ya kwatanta.

Amurka kuwa tafiyar hawainiya ta yi. Tun 2010 aka hana banki cajin tara a kan cirar kuɗi a na'ura ko sayayyar kati sai da amincewar mai asusu. A Disambar 2024 aka fito da ƙa'idar da ta ba manyan bankuna zaɓi: ko su tsaya a dala 5, ko su karɓi daidai abin da hidimar ta ci musu, ko su bi dokokin rance. Majalisar Dokoki ta soke ta a 2025 tun ba ta fara aiki ba.

Darasin ya shafi Nijeriya, inda Babban Banki ke fitar da jadawalin kuɗaɗen da bankuna za su iya caja. Malamin makaranta da albashinsa ya makara, kamar kowane ƙaramin ma'aikaci, shi ne farkon wanda ɓoyayyen caji ke cutarwa. Saboda haka wajibi ne hukuma ta ɗauki zarce ajiya a matsayin rance, ta tilasta a bayyana farashinsa kafin mutum ya amince, ta kuma hana tarar da ta fi gibin da aka cike yawa.